Gilashin da na rataye a ƙusa

Shekara huɗu ina shara a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Tawa kafin a kai ni ɗakin radiyo, inda ake ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji. Ban yi karatun aikin ba. Ni aikina riƙo. Tsohon da aka kawo daga Affala da karaya a cinya, jaririn da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ni ke riƙe su har na'ura ta gama. Rigar dalma mai kare jiki daga hasken na'ura ɗaya muke da ita, ta tsage a kafaɗa.

Ranar farko majo, babban ma'aikatan jinya, ya maƙala mini wani ɗan abu a ƙirji, bai kai akwatin ashana ba. Ya ce akwai gilashi a ciki da ke adana duk hasken na'urar da ya taɓa jikina. Bayan wata uku a kai shi Yamai, a haska shi, ya yi ƙyalli gwargwadon abin da ya sha. Ya ƙara da cewa wanda nasa ya hau da yawa, fitar da shi ake daga ɗakin.

Wannan ta ƙarshen kaɗai na riƙe. Na san inda tsintsiyata take jingine, ban kuwa yi kewarta ba. Sai na samo wa gilashin ƙusa a bayan ƙofar baranda, inda iska ke kaɗawa. Da safe in rataye shi, in shiga in rungumi marasa lafiya, lokacin tashi in mayar da shi ƙirji.

Shekara biyu sakamakona yana dawowa fes. Majo ya yabe ni a gaban taro, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mai kunya.

Matar da ke sarrafa na'urar, wadda ita ta yi karatun, kullum nata yana ƙirjinta, har in ta shigo taya ni riƙo. Nata ya riƙa hawa. Ta rubuta takarda tana neman sabuwar riga da gyaran katangar kariya. Majo ya amsa mata da ni. Ya ce ga wanda ya fi kowa kusa da na'ura, bai wuce firamare ba, gilashinsa tas, saboda haka sakaci nata ne. Ya ba ta wata uku, in nata bai sauka ba ta bar aikin. Ina tsaye a wurin. Har kai na gyaɗa.

Kwana biyu bayan haka ta same ni ina ciro abin daga ƙusa. Ta daɗe tana kallona.

"Baba," ta ce, "ashe ƙusar nan ta fi kowa lafiya a asibitin nan."

Na ce mata zafi ne ke sa in cire shi.

"Ba zan kai ƙararka ba. Ka sa shi kawai, ya faɗi da bakinsa."

Ban iya zuwa wurin majo ba, ban da wannan zuciyar. Na dai maƙala shi wata uku cur, na bar wa gilashi ya yi ikirarin da ni na kasa. Da sakamako ya dawo, nawa ya wuce nata nesa. Majo ya fara cewa ƴan Yamai sun yi kuskure, aka sake karanta gilashin, bai canza magana ba. A nan na faɗi zancen ƙusa.

Aka sayo riga biyu, aka gyara katangar. Ita tana nan a aikinta har yau. Ni aka mayar da ni ga tsintsiya, na same ta inda na bar ta.

Abin da jikina ya sha cikin shekara biyun farko, babu mai iya gaya mini. Na ƙusa dai yana rubuce a fayil, da sunana a sama.