Habila Jatau da Murhun da Ke Hutawa Ran Lahadi

Wanda ya fara kashe wutar murhun mazarƙwaila saboda ranar Lahadi a Unguwar Barmo, cikin ƙasar Gubuchi, shi ne marigayi Jatau, wanda aka raɗa wa suna Istifanus ranar baftismarsa. A shekarar 1958 aka yi haka, zamanin da doki ke juya injin matsa rake. Jatau ya durƙusa gaban mai injin, Alhaji Maiwada, ya ce zai dafa masa ruwan rake daga Litinin zuwa Asabar ba ƙorafi, amma Lahadi ta Ubangijinsa ce. Alhaji ya amince, ya ce ai dokin ma yana son hutu. A kan wannan magana aka zauna har Jatau ya tsufa, ɗansa Habila ya gaji murhun.

Habilan nan ne abin jinjinarmu, domin a bana ya ajiye aiki, hayaƙi ya ci ƙarfin idonsa. Duk wanda ya san lokacin rake a ƙasar nan ya san shi a tsaye bakin kasko tun hantsi bai ɗaga ba, da dogon ludayi a hannu, yana kwashe kumfa, yana tura busasshiyar tuƙar rake cikin wuta da ƙafa. Ba ya ɗanɗanawa. Daga yadda ruwan ke tafasa yake sanin ya nuna, sai ya ce a sauke, a zuba a ƙananan kwanoni. Ranar Asabar kuwa, kafin faɗuwar rana, zai ja itacen ƙarshe daga murhu, ya wanke kasko, ya kife.

Bayan rasuwar Alhaji, ɗansa Muktar ya karɓi harka, ya kawo babban inji mai shan gas. A ranin 2006 ya yi wa wani ɗan kasuwar Kano alkawarin cika mota ranar Litinin da safe, ya sa aka sare rake mai yawa ranar Asabar. Rake kuwa in an sare shi ba ya jira: ruwansa ja yake yi, ya soma tsami. Da la'asar, Habila na wanke kasko, Muktar ya iso.

"Baba Habila, kada ka kife. Gobe akwai wuta."

"Goben wa, Muktari?"

"Goben kowa. Motar Kano jibi take zuwa."

"Kai da na ɗauka a kafaɗa kana kukan a ba ka ƙanzon kasko, yau ni zan gaya maka gobe Lahadi?"

"Na sani, Baba. To raken nan fa? Shi ma coci za shi?"

Ma'aikata suka bushe da dariya. Habila ma ya murmusa, ya ce, "In zai biyo ni, ba mai korarsa."

Muktar bai yi dariya ba. Ya ce, "Maganar Alhaji da Baba Jatau ta zamanin doki ce. Na riga na ba mutum alkawari. In ba za ka hura ba, zan kawo mai hurawa daga Kudan, kuma duk wanda ya hura gobe, murhu nasa ne."

Waɗanda suke wurin sun shaida abin da Habila ya yi. Ya ja raken zuwa inuwar mangwaro, ya rufe da karmami, ya yayyafa ruwa don kada rana ta cinye shi, sannan ya kife kaskon ya tafi gida.

A gida ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Rifkatu ta kira fasto, wani matashi da bai daɗe da zuwa ba. Fasto ya yi magana ta hankali, ya ce ceton dukiyar maƙwabci daga asara ba zunubi ba ne, Allah kuma ya san halin bayinsa. Rifkatu ta ce, "Baban Ladi, ka ji dai daga bakin fasto. Sau ɗaya ne fa. Yara na makaranta, rumbu bai cika ba bana. In aka karɓe murhun nan, ina za mu sa kanmu?"

Habila ya ce, "Fasto, ba zunubin kaɗai nake dubawa ba. Samarinmu da ke aiki a injinan Gazara da Kurmin Kogi, da sunan gidan nan suke samun Lahadi. In mai inji ya matsa musu, sai su ce ga yadda ake yi a wurin Alhaji Maiwada tun kaka da kakanni. In na hura gobe, kafin kasuwar Makarfi ta watse kowane mai inji ya ji cewa Habila ma ya hura. Daga nan har ruwa ya sauko, mata da tsofaffi za ka riƙa yi wa wa'azi."

Washegari ana tsakiyar waƙa a majami'a aka ji injin ya tashi. Kowa ya waiwayo ya dubi Habila, shi kuwa bai ɗaga kai ba har aka idar. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: mutumin Kudan ya iya aikinsa. Mazarƙwailar ta yi kyau, mota ta cika, babu abin da ya ƙone. Ranar Litinin Habila ya je ya gaida Muktar, ya ɗauki ludayinsa, ya nuna wa sabon mai dahuwa gefen da murhun ya fi cin wuta, ya fito.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ya koma saran rake a fadama tare da sa'o'in 'ya'yansa. Masu tsokana a bakin hanya kan ce, "Sarkin murhu, yau dako ake yi?" Yakan amsa, "Raken ne ya ce yana son ganina tun yana gona." Babban ɗansa ya bar makaranta, sai daga baya ya koma. Rifkatu ta daɗe ba ta huce ba, kuma babu mai ganin laifinta. Sai a rani na uku Malam Abdulƙadir na Gazara, mai ɗan ƙaramin inji da kasko ɗaya, ya aiko a kira shi. Habila na buɗe baki Malam Abdulƙadir ya tare shi: "Na san sharaɗinka, dattijo, kada ka gajiyar da kanka. Nawa kuma, ran Juma'a a sauke kafin azahar." A can ya ƙare aikinsa. Bai sake tsayawa a babban murhu ba, ko da yake shi da Muktar suna gaisawa har yau cikin mutunci.

Baba Habila, ɗan Jatau, kai ne ka riƙe abin da aka miƙa maka a ranar da riƙon ya fi tsada. Kai ne ka nuna cewa Bahaushe zai bi Almasihu a garin ubansa ba tare da ya zagi kowa ko ya ɓoye kansa ba. Ba ka ga wata mu'ujiza ba, ba ka kuma ce sai ka gani ba. Mun gode, Allah ya saka maka. Matasanmu kuma, duk wanda zai kama aiki, ya faɗi ko shi wane ne tun a bakin ƙofa, sannan ya yi aikin da mai gida zai yi kewarsa.

In za a yi lissafi, ga shi. An rasa babban murhu, an rasa shekarun jin daɗi, an rasa rabin gani. Wasu injinan sun tilasta aikin Lahadi, wasu samarin kuma sun bi. Amma an riƙe suna mai tsabta a wurin Musulmi da Kirista, an riƙe gida bai watse ba, an sami masu dahuwa da ya horar a garuruwa da dama, kuma Kiristocin cikinsu da sharaɗinsa suke kama aiki. A makon jiya, ana tsakiyar lokacin rake, ɓangaren maza a majami'ar Unguwar Barmo ya cika, har wasu samari a tsaye suka yi ibada a waje, da kaushin rake a hannuwansu.