Sunan da Inna Ba Ta Faɗi

Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna, kuma a garinmu, can gefen Kona, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kunya ce. Shekara arba'in ina amsa "ke" da "waccan", alhali sunan autarmu yana bakinta safe da yamma.

Shekarar korona, tari ya kama Inna har numfashi ya gagara. Ni na ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi, ni na nemo mota zuwa asibitin Tasawa. Aka ce korona ce, aka killace ta, sai ta taga nake hango ta. Kwana na biyar na ga bakinta ya karkace, hannun dama ya saki kofi. Lokotoro ya ce cutar takan daskarar da jini, gudan ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta tsinke, saura 'yan kalmomi.

Da aka bar mu shiga, ni ke juya ta, ni ke wanke zannuwa, ni ke ba ta kunu cokali-cokali kada ta shaƙe. Auta kuwa tana Maradi tana koyarwa a lekol, sai ranar Asabar ta iso da lemu a leda tana ƙamshin turare. Wallahi tun daga ƙofa Inna ta kama sunanta tsaf, har sau uku. Na ji kishi, ba na ɓoyewa. Na aje kwanon kunu da ƙarfi har ya fantsama.

Lokotoron yaro ne, ba ɗan ƙasarmu ba. Ya zo gwada Inna, yana nuna abu yana tambaya. Ya nuna Auta, ta faɗi. Ya nuna ni ya ce, "Mama, wannan fa, mi sunanta?"

Inna ta dube ni, ta kau da kai wajen bango.

"Kin gani," in ji shi, "ba ta gane ki ba tukuna."

Auta ta tuntsire da dariya. "Haba lokotoro, Yaya ce, ɗiyar fari! Ko da lafiyarta ba ta faɗi."

Kowa ya yi dariya ban da ni. A raina na ce, ciwon da ya ci hannu da ƙafa, ina ma ya haɗa da wannan kunya? Sau ɗaya kawai nake so in ji yadda sunana yake a bakinta.

Bayan wata biyu aka sallame mu. Wata ranar kasuwa na hau kabu-kabu zuwa Tasawa sayo maganinta, na bar Auta da ita. La'asar na dawo, na tarar da mata cike da tsakar gida, Inna ta cika, an riga an rufe ta da zane.

Da aka watse, Auta ta kama hannuna tana kuka. "Yaya, tun hantsi take kiranki. Sunanki na yanka, ɓaro-ɓaro, ba ta daina ba."

Na zare hannuna. "Ta yaya ta faɗe shi?"

Ta gwada mini, amma muryarta ce, ba ta Inna ba. Har yau ina ƙaunar ƙanwata, kuma har yau ban yafe mata kunnuwanta ba.