Sorona ya rufta ina shan koko

Jama'a, yau na leƙa lahira na dawo!

Kun san ni, kullum ina cika baki cewa duk Kiru babu soro mai ƙarfin nawa. To da hantsi ana tsuga ruwa, ina shan koko, sai ƙasa ta faɗo mini cikin kofi. Na ɗaga kai, azara tana kuka! Na ƙwala wa mai ɗakina kira, "Kwashe yara!" Muna fita, rif! ɗaki ya zauna.

Ga mu tsaye cikin ruwa, autata tana cewa, "Baba, ina za mu kwana?"

Allah ya saka wa Liman. Bayan azahar ya buɗe asusun gaggawa na masallaci, aka kama mana ɗaki a bayan kasuwa.

Ina gaya wa maƙwabta ai wannan ruwa ko dutse ne sai ya narke, sai mai ɗakina ta ce, "Malam, bar ɗora wa ruwa laifi. Kai ka toshe indararo da tsumma jiya, wai kada ya jiƙa maka babur."