Hannun Rigar Baba Kaporal

A shekarun da aka hana mu fita bayan magariba, gidanmu na katako a unguwar New Bell ya zama kamar akurki. Da an idar da salla sai a ja ƙyaure, mu taru a madafa inda Iya, kakata, take hura ɓawon kwakwa don korar sauro. Ruwan Duwala na dukan kwano, can bayan layin dogo ana jin harbi jefi-jefi. Iya ba mace ce mai wasa da jikoki ba. In ta yi tatsuniya, to da wani take.

Ran nan da mutum biyu take. Na farko mijinta, Baba Kaporal, wanda ya yi wa Faransawa yaƙi ya baro hannunsa na hagu a ƙasarsu. Gobe za a yi faretin tsoffin sojoji, abin da muke ce wa defile, shi ya sa yana zaune a bakin ƙofa ya danne lambobinsa na yabo da gwiwa yana goge su da toka da lemun tsami. Na biyu yayana Ali, mai taya babanmu sayar da goro. An yi shela cewa bayan defile za a ɗebi samari soja a tura su yaƙi a daji, kuma Ali ya kwana biyu yana tafiya da ƙirji a gaba.

"Ga ta nan," in ji Iya. "Mai kunne ya matso, mai lamba ya toshe nasa."

Wai zaki ne ya tsufa, ya ɗebi karnukan gari su riƙa yi masa farauta. Nama nasa, ƙahon ɓauna nasu. Shekara-shekara sai ya ware rana ɗaya, ya rataya wa tsoffin karnukan ƙararrawa a wuya, a zaga gari da su ana kiɗa. Mai ƙafa uku a sa shi tsakiyar layi, mai ido ɗaya a juya lafiyayyen idon wajen jama'a. 'Yan kwikwiyo kuwa ƙararrawar kawai suke ji, sai su saki nonon uwa su bi layi.

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Karen dai ya hau teku, ya ga duniya. Ke me kika gani ban da gindin tukunya?"

"Na ga hannun da ka tafi da shi. Dawowarsa ce ban gani ba."

"Ki dai ƙarasa wa yara ƙaryarki, Hajiyar karnuka."

"Ta ƙare. Wutsiyarta na zaune a ɗakin nan."

Ali ya yi dariya, irin ta wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

Kowace shekara Iya ce ke shirya Baba. Takan cusa tsumma a hannun rigar kakinsa har ya cika, ta ɗinke bakin a cikin aljihu, ka rantse mutum ne ya sa hannu a aljihu don isa. Mu jikoki ba mu taɓa ganin abin da ke ƙarƙashi ba. Amma wannan karon, da gari ya waye sai Iya ta jefa wa Ali tsumman da allura.

"Kai mai son kaki, je ka shirya kakanka. Ni na gaji."

Na laɓe a bayan labule na gani. Dungulmin ya yi baƙi, ya tattare kamar bakin buhun da aka ɗaure, yana motsi shi kaɗai. Ali ya tsaya ƙiƙam. Na ce a raina shi ke nan, Iya ta ci. Amma Baba ya dube shi ya ce, "To, soja, tsoro kake ji?" Sai Ali ya cusa tsumman, ya ɗinke tsaf. Har ya fi na Iya kyau.

Aka yi defile. An sa Baba a tsakiya, ganga na tashi, manya na zaune a inuwa da tabarau, mata na guɗa. Iya ta tsaya a bakin kwata, ta tofar da yawu da layin ya zo daidai ita. Ali bai dawo cin abincin rana ba. Ya bi layin masu shiga soja, bai dawo ba ke nan. Daga baya wani jandarma ya zo ya yi magana da babanmu a waje, da Faransanci, aka shimfiɗa tabarmin makoki.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Da na girma sai haushin ya koma kan Iya. Mace mai kaifin ido irinta, ta ɗauka in yaro ya ji gaskiya kuma ya gan ta, zai tsaya. Ina! Tatsuniya ba ta kai ganga ƙara ba.

Shi ya sa da na haifi nawa maza uku ban ɓata bakina ba. Ranar defile nakan kulle ƙofa tun asuba, in zauna a kan makullin. Sun yi kuka, sun kira ni muguwa, ubansu ma ya ce na cika zafi. Ko gezau. Shekaranjiya babbansu ya zo daga unguwar Mboppi yana ɗingishi, furfura har gemu, yana yi mini ƙorafin ciwon gwiwa. Na ce masa ya rufe mini baki ya gode wa Allah, tsufa ne ya ba shi.