Kwalar Kwano Da Na Ƙera Wa Karyar Maƙwabciyata

Sana'ata aikin kwano ce. Ina ƙera mazurari da murhu da indararo a ƙofar gidana a unguwar Congo-Russia da ke Jos, kuma abin da na haɗa ba ya kwancewa. Wannan hali nawa shi ya kusa kashe dabbar da aka ba ni amana. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata tsohuwa, gwauruwa, wadda ta yi ritaya daga aikin gwamnati. Mama muke kiranta. 'Ya'yanta duk sun watse garuruwa, ba ta da kowa a gidan sai wata jar karya. A damunar nan karyar ta yi ciwon mahaifa, likitan dabbobi ya tsaga cikinta ya ɗinke, ya saƙala mata wata kwalar roba mai faɗin baki kamar mazurari, don kada bakinta ya kai ga ɗinkin. Ya ce kwana goma, kada a cire.

Kwana uku da yin aikin aka yi wa Mama rasuwa a ƙauyensu. Ta shigo da makulli a hannu.

"Malam, ga gida, ga 'yata. Abinci da ruwa kawai. Amma in ya lashe wannan ɗinki, hanji zai fito, haka likita ya ce."

"Mama, kin san ni da kare."

"Na sani. Ai ban ce ka goya shi ba."

Tun ina yaro kare ya cije ni a sha-raɓa, tabon yana nan. Ban da wannan ga batun tsarki, ba na son yawunsa ya taɓa tufata. Amma na karɓi makullin.

Rana ta farko lafiya. Na tura kwanon abinci da sanda, na fito. Rana ta biyu da safe na tarar ta fasa kwalar a jikin ƙyaure, robar ta rabu biyu, tana ta miƙa wuya wajen cikinta. Na tsawata mata, na koma rumfata da gudu. Na auna fasasshiyar robar, na yanko sabon kwano, na naɗe gefensa don kada ya yanke ta. Maƙwabcinmu mahauci, wanda ke aiki a mayankar Abattoir, ya danne mini ita, na zura mata. Maimakon igiya, sai na dasa ƙusa huɗu na daddale kawunansu, yadda nake wa indararo.

Uwargidana ta leƙo ta katanga.

"Maigida, murhu ka sa mata ko kwala?"

"Ki koma ciki. Wannan in ta isa ta fasa."

"To, Allah Ya sa ka san yadda za ka cire."

Na ɗaure karyar da sarƙa a tsakar gida, inda rana za ta sami ciwon ya bushe.

Rana ta uku, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas. Wanda ya zauna a Jos ya san ruwan nan da ba ya sallama. Ina kwashe kayan aiki sai na ji ɗas a kan rumfa, sannan wani, sannan kamar ana juye tsakuwa. Ƙanƙara ce. A cikin wannan ƙarar na jiyo wani kuka daga gidan Mama, ba haushi ba, kuka irin na abin da ake yankawa.

Nan na gane abin da na yi. Na ɗaura wa dabba ganga a kunne, na bar ta a fili.

Na buɗe ƙofar gidan Mama. Ƙanƙara tana dukan kwanon da ke wuyanta, ita kuma tana tsalle iya tsawon sarƙar, ta faɗi, ta tashi, ta bugi katanga. Idanunta sun juye, kumfa na zuba a bakinta. Ruwan da ke gudu a ƙarƙashinta ja ne. Na ce shi ke nan, ciki ya buɗe. A raina na hango Mama tana dawowa daga jana'iza ta tarar da wata gawar.

Mahauci bai dawo daga aiki ba. Babu wanda zai danne mini ita. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Daga nan na tsara abin a raina, don in ban tsara ba ba na iya komai. Na farko, a kashe ƙarar. Na biyu, a danne ta. Na uku, a yanke kwanon. Na ƙwala wa uwargida kira ta jefo mini bargo da almakashin yankan kwano. Na yi bisimilla, na lulluɓa bargon a kan kwalar. Ƙarar ta mutu. Na durƙusa na matse ƙirjinta tsakanin gwiwoyina, ina jin zuciyarta tana buga mini cinya. Na cusa almakashin tsakanin kwanon da wuyanta. Haƙoranta suna nan dab da wuyan hannuna, ina jin ɗumin numfashinta. Kwanon nan mai kauri na zaɓa da gangan. Sai da na danna sau bakwai ya rabu.

"Hanjin ya fito?" in ji uwargida daga kan katanga.

"Ki yi mini shiru in duba."

Na kwantar da ita, na ɗaga ƙafarta. Zare ɗaya ya tsinke, sauran suna nan. Jinin daga bayan kunnenta yake, inda kan ƙusata ya yage fatar. Ban san lokacin da na zauna daɓas a cikin ruwan ba.

Na jawo ta ƙarƙashin baranda, na riƙe kanta da hannuna har mahauci ya dawo ya kira likita a waya. Likitan ya zo da sabuwar kwalar roba, ya gyara zaren, ya ɗinke kunnen. Da ya ga kwanon a yashe sai ya juya shi da ƙafa.

"Oga, wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Aiki ya yi kyau. Kada ka ƙara."

Na yi wanka, na canza tufafi, na yi magariba a makare.

Da Mama ta dawo ban bari ta ji a bakin kowa ba. Na zaunar da ita na faɗa mata tun daga fashewar robar har zuwan likita, ban tsallake ƙusa ko ɗaya ba. Ta daɗe tana shafa kunnen.

"Da hannunka ka riƙe shi, Malam?"

"Da hannuna."

"To, na yafe."

Ɗinkin ya warke, aka cire zare a kan lokaci. Amma karyar ba ta koma yadda take ba. Har yau, da ruwa ya fara taɓa rufin kwano, sai ta shige ƙarƙashin gadon Mama tana karkarwa, ba ta fitowa sai an ɗauke. Ta katanga nake jiyo Mama tana lallashinta.