Jan Ƙarfen da Na Shimfiɗa a Ƙarƙashin Eriya

Shekaru sun shuɗe, na gyara na'urori da ban san iyakarsu ba, yawancinsu ma na manta kamanninsu. Amma akwai wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannuna ba, wanda har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da ya jawo ba.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran rediyo da wayoyi a unguwar Pumpumre, cikin Garwa. Na yi karatun lantarki a lise, wato makarantar sakandare, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Wata rana shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa daga wajen Yagwa ya kawo mini rediyonsa, muna hira ya ba ni labarin damuwarsu. Gonakinsu suna shan ruwa ne daga wata mashiga da ta taso daga kogin Logon. Idan kogi ya cika, dole a rufe ƙofar mashigar da wuri, in ba haka ba ruwa ya shanye komai. Wani dattijo ɗan ƙabilar Masa, Kirista, shi ke gadin ƙofar shekara da shekaru. Da ya ga ruwa ya kai wata alama a jikin gini, sai ya rufe, ya hau kekensa ya je ya sanar da gari.

Na ce masa, "Alhaji, wannan ai aikin na'ura ne. Ku bar tsoho ya huta."

Na haɗa musu abu biyu. Ɗaya a bakin mashiga, da ɗan tulun roba mai yawo a kan ruwa. Idan ruwa ya ɗaga shi, sai na'urar ta aika saƙo ta iska. Ɗayar a rumbun ƙungiya cikin gari, tana karɓar saƙon ta busa ƙaho. Ta gwaji da na fara yi mummuna ce, wayoyi ko'ina, eriyarta ma guntun waya ce a miƙe. Amma na gwada ta daga wannan gaɓar kogin Binuwai zuwa waccan, har na wuce, tana aiki.

Sai na ga bai dace in kai wa mutane wannan tarkacen ba. Na zauna a kwamfuta na zana allo mai kyau, irin wanda ake shimfiɗa hanyoyin wuta da jan ƙarfe a jikinsa. Eriyar ma na zana ta a gefen allon, wani siririn layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. A zanen da na duba na koyi, an bar wurin da ke kewaye da eriyar fayau, gaba da baya. Ni kuwa na san an koya mana cewa shimfiɗa jan ƙarfe a duk inda ya rage a allo yana rage hayaniyar wuta. Na dubi filin nan, na ce wanda ya yi zanen ya yi kasala. Na cike shi taf. Da na ga har yanzu da sauran wuri a bayan eriyar, na ɗora batir a kai. Na aika aka buga mini allon, ya iso sumul, har ina nuna wa maƙwabta.

Na gwada a shago, ƙaho ya busa. A Yagwa ma na gwada, amma ina tsaye a bakin mashiga da na'urar karɓar a hannuna, don ba a gama kafa sandar da za a rataye ta a rumbu ba. Na ɗaga tulun roba, ƙaho ya tsage da kuka, manoma suka yi ta tafi. Da aka gama kafa sandar muka kai ta rumbu muka ɗaura, na yi sauri don kada motar Garwa ta bar ni. Ban sake ɗaga tulun ba bayan an raba su. Na tuna dattijon nan ya tambaye ni cikin Hausarsa ta kasuwa, "Wannan abu, yana gani ruwa kamar mutum?" Na ce, "Baba, ya fi mutum, shi ba ya gyangyaɗi." Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Bayan makonni kaɗan, da tsakar rana ina cikin cin abinci, shugaban ya kira ni. Muryarsa kawai na ji na ajiye cokali.

"Ruwa ya shiga. Ƙahonka bai yi kuka ba."

Ranar kasuwa ce. Dattijon ya tafi sayar da kaji, tunda an ce masa yanzu ba sai ya yini a bakin ruwa ba. Sama ba hadari, ashe ruwan da aka yi can nesa ne ya gangaro. Wasu mata masu wanki ne suka fara gani, kafin a taru a rufe ƙofa an makara.

Da na isa washegari, ban gane wurin ba. Inda na bar shinkafa kore shar ta fara ɗaukar ciki, sai ruwa ja shimfiɗe, kawunan ganye suna leƙowa nan da can. Wata mata tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, tana tsamo shinkafa damtse-damtse tana dubawa tana yarwa. Ba ta kuka, ba ta kuma kalli kowa ba.

Na duba na'urar. Fitilarta na ci, batir cike, tulun roba lafiya lau. Na kawo ta karɓar kusa na ɗaga tulun, ƙaho ya busa. A gaban jama'a na juya na ce, "Kun gani, kayana ba su da laifi. Wani ne ya kashe ta ranar, ya dawo ya kunna. Ku tambayi wanda na'urar ta ƙwace wa aiki." Har yau in na tuna bakina ne ya furta wannan, sai in ji kunya ta rufe ni. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ni ban taɓa ba." Ba wanda ya saurare shi. A ranar suka karɓe makullin ƙofar daga hannunsa.

Na dawo Garwa da na'urorin biyu, na kai wa wata malamarmu ta lise da ta yi ritaya, wadda ta yi aiki a gidan rediyo kafin ta fara koyarwa. Shaida nake nema, so nake ta ce aikina ya yi. Ta sa tabarau, ta ciro allon daga akwatinsa, ta ɗaga shi saitin taga. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, ina eriyarka take numfashi?"

Na ce ban gane ba, Madam.

"In haske bai ratsa ta wannan gefen ba, saƙo ma da ƙyar zai fita. Ka shimfiɗa mata ƙarfe a ƙasa, ka danne ta da batir. Kamar ka sa mutum ya yi kira ne ka kife masa tukunya a kai. Na kusa zai ji. Ka gwada daga nesa?"

Na ce wannan allon dai ban gwada shi daga nesa ba.

Ta ce in ɗauki ta karɓar in bi titi, ita za ta riƙa ɗaga tulun. Na fita, ƙaho na busawa. Na wuce mai shayi, yana busawa. Kafin in kai kwanar masallacin unguwa ya fara sarƙewa, na ƙara taku kaɗan ya yi tsit. Na tsaya a tsakiyar titi, 'yan acaɓa suna zagina suna kaucewa. Tsakanin mashiga da rumbu ya ninka wannan tafiyar sau da yawa. Wato tun ranar da na ɗaura ta, ko sau ɗaya saƙo bai taɓa isa gari ba. Makonni mutanen nan suna kwana suna tashi, ba mai gadinsu.

Da na koma, Madam ta ɗauki reza ta kankare jan ƙarfen da ke bayan eriyar, ta mayar da batir ɗaya gefen. Aikin bai kai tafasar shayi ba. Na sake fita, na yi ta tafiya har na gaji, ƙaho bai daina ba. Na zauna a bakin kwalbati na yi kuka kamar yaro.

Komawa Yagwa ya fi komai yi mini wuya. Na sa shugaban ya tara mutane a gaban rumbu, na faɗa musu komai, na ce ƙarya na yi wa tsoho. Wasu suka zage ni, kuma sun yi daidai. Dattijon ba ya wurin, sai da na bi shi gida. Na same shi yana gyaran raga. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, laifina ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shinkafa, za a shuka wani. Amma jikana ya tambaye ni ko gaskiya ni na kashe gonar mutane." Ya ja zare ya ƙulla. "Ka zo ka faɗa masa da bakinka."

Na faɗa wa jikan. An mayar wa tsohon makullinsa, aka kuma ɗaura na'urar da aka gyara, amma bisa sharaɗin da shi ya gindaya: duk safiya zai ɗaga tulun da hannunsa, sai an sanar da shi daga gari cewa ƙaho ya busa sannan ya yarda.

Abin da na koya ya wuce zanen allo. Na gane cewa in ka tarar waɗanda suka riga ka sun bar wani wuri fayau, ka tambayi dalili kafin ka cike shi. Na gane gwajin da aka yi a inda ya fi sauƙi ba gwaji ba ne. Mafi nauyi kuma, duk ranar da aikina ya gaza, kafin in ɗaga ido in nemi wanda zan ɗora wa, hannuna nake fara dubawa.