Waƙar Goggo ba sallama

Goggona, ƙanwar babana, mai kiɗan ƙwarya ce a unguwar Bagadaza, cikin Gombe. Da wuya a yi biki ko suna a unguwar ba a kira ta ba. Kowace waƙarta da gaisuwa take farawa: ta ambaci marigayiya mahaifiyarta wadda ta koya mata, ta yi mata addu'a, sannan a buga ƙwarya. Gaisuwar na da tsawo, Goggo kuwa ba ta san sauri ba.

A lokacin ina aiki a wani ɗan situdiyo a Pantami, ina ji da kaina, gani nake na gama sanin duniya. Wani kamfanin waƙa ya zo neman muryoyin gargajiya don ya zuba a manhajar sauraron waƙa ta waya. Na lallaɓo Goggo, muka naɗi waƙarta da ta fi farin jini. Sai wakilin kamfanin ya kira ni. Ya ce masu manhajar ba sa tallata waƙar da mutane ke tsallakewa, yaran yanzu kuma ba sa jira, in amshi bai shigo da wuri ba sun wuce. A yanke gaisuwar.

Ko musun kunya ban yi ba. Ban kuma tambayi Goggo ba, don na san amsarta.

Waƙar ta karɓu, har a Kasuwar Gombe nakan ji ta a wayar 'yan dako. Ranar da na kunna wa Goggo, ta kasa kunne, ta ce, "Ɗana, wannan ai ta shigo gida ba sallama." Na yi ta kame-kame, wai haka tsarin yake. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Bayan nan aka yi bikin 'yar maƙwabciyarta, ni na kai lasifika. Goggo ta zauna gaban ƙwarya, ta ɗaga murya ta fara gaisuwa. Ƙawayen amarya suka kalli juna, ɗaya ta ce cikin ladabi, "Goggo, ba haka take farawa ba fa." Suka ɗauki amshi da kansu yadda suka haddace a waya, tafi ya cika gidan.

Goggo ta tsaya, ba ta kai ga sunan mahaifiyarta ba. Ina durƙushe gabanta riƙe da makirufo, kunya ta hana ni ɗaga kai. Can ta ɗauki 'yan sandunan kiɗanta, ta bi amshin 'yan matan.